Tun Yaushe Baba Ya Fara Haka?

Duk wanda ya taɓa kwanan jinya a ɗakin maza na babban asibiti a garin nan na Kaduna ya san irin daren da zan ba da labari. Lokacin ina jinyar baffana ne. Dattijon da ke gadon kusa da ƙofa, da la'asar mun gaisa lafiya lau, har ya tambaye ni unguwarmu, na ce Tudun Wada, ya ce shi daga Rigasa aka kawo shi. Wajen ƙarfe biyun dare sai ihu ya tashe mu. Ya tsige allurar ƙarin ruwa, jini ya ɓata zanin gado, yana laluben takalmi da ƙafa, wai an bar awaki a waje ga hadari ya taso. Ɗansa ya riƙe shi yana cewa, "Baba, asibiti muke, Baba ka kwanta," shi kuwa ya kai masa duka, ya kira shi ɓarawo. Nas ɗaya ce tak a ɗakin, ga wani mara lafiya can ƙarshe numfashinsa na sama-sama. Kafin kiran assalatu an ɗaure hannuwan dattijon da bandeji a jikin ƙarfen gado, an yi masa allurar barci. Da safe mata suka zo da kunu da ƙosai, suka tsaya a kansa suna jimami. Wata ta ce, "Sai haƙuri, gigin tsufa ne." Kowa ya gyaɗa kai, har da ni.

Wannan kalma, gigin tsufa ko rikicin tsufa, akwai kirki a cikinta. Tana hana a ce wa dattijo mahaukaci, tana ba shi uzuri, tana kuma tuna wa 'ya'ya cewa Alƙur'ani da kansa ya ambaci wanda ake mayarwa mafi ƙasƙancin rayuwa, har ya zamo bai san komai ba bayan da ya sani. Sai dai ta zame mana buhu, muna zuba abubuwa iri-iri a ciki mu ɗaure bakinsa. Da an furta ta, bincike ya ƙare, tunda tsufa ba shi da magani. Alhali a cikin buhun nan akwai abin da zai warke cikin 'yan kwanaki in an gano shi, in ba a gano ba ya tafi da mutum. Akwai wanda ba ya warkewa amma ana iya rage wahalarsa sosai. Akwai kuma dattijon da hankalinsa garau yake, abin da ake yi masa ne bai yarda da shi ba. Tambayar da ke fara rarrabe su gajeriya ce: tun yaushe ya fara haka?

Idan amsar ita ce jiya, ko shekaranjiya, ko tun da aka fito da shi daga ɗakin tiyata, to mai yiwuwa abin da likitoci ke kira diliriyam ne, ruɗewar farat ɗaya. Alamarta ita ce zuwa da komawa. Da hantsi mutum ya gane kowa, ya sha shayi, ya yi hira. Da dare ya koma wani daban. Hankalinsa ba ya tsayawa wuri guda, kana magana idonsa na bin bango. Ka ce ya lissafa ranakun mako da baya, Juma'a, Alhamis, Laraba, sai ya kakare a ta biyu ko ya kama wata magana. Ƙwaƙwalwar ce ke kuka, amma yawanci ciwon yana wani wuri a jiki. Ƙwaƙwalwar tsoho ba ta da rarar ƙarfi irin ta saurayi, don haka abin da zai sa ɗan shekara talatin ya ce "jikina ba daɗi" shi zai sa ɗan tamanin ya ga awaki a ɗakin asibiti.

Abubuwan da ke jawo ta kuwa duk a gabanmu suke. A watan Maris da Afrilu, lokacin da zafin Kaduna ke kai maƙura, tsoho yakan bushe bai sani ba, domin jin ƙishirwa na raguwa da shekaru. Wasu da gangan suke rage shan ruwa, don kada fitsari ya dame su da dare ko don riƙon alwala. In azumi ya faɗo cikin bazara, kamar yadda ya yi a shekarun nan, dattijon da malamai da likita suka ba uzuri sai ya ce shi tun yana yaro bai taɓa sha ba. Da hunturu kuma limoniya ce, kuma a jikin tsoho takan zo ba zazzaɓi, ba tari mai yawa, ruɗewar ce kaɗai za ta fito. Ga zazzaɓin cizon sauro, ga cutar mafitsara. Ga mai ciwon suga da ya sha ƙwayarsa bai ci abinci ba, sugan ya faɗi, ya kama zufa da faɗa. Ga dattijon da furosteti, wato ƙullin da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji, ta kumbura ta tare masa hanyar fitsari, mara ta cika tam, kunya ta hana shi faɗa wa 'yarsa. Kwana biyar ba bayan gida ma ya isa. Haka karayar ƙugu da tiyatar da ke biyo bayanta, haka zogin da ba a ba shi magani ba. Har goro ina sawa a lissafi: mutumin da ya shekara hamsin yana ci safe da yamma, rana ɗaya a kwantar da shi a yanke masa, dole ciwon kai da ƙunci su biyo baya, kuma ba wanda zai rubuta wannan a kati.

Akwai nau'in da ya fi ba ni tsoro, wanda ba ya ihu. Tsohuwa ta yi lamo, tana ta barci, in an tashe ta ta buɗe ido ta mayar, ba ta ci, ba ta magana. Dangi su ce alhamdulillahi ta samu barci, ma'aikata su ce ba ta da matsala. Ita ma ruɗewar ce, kuma an fi kuskure ta, domin mai shiru ba ya hana kowa barci. Mai ihu aƙalla ya jawo ido kansa.

A shekarar 1999 wata likita a Jami'ar Yale ta Amurka, Sharon Inouye, da abokan aikinta suka buga sakamakon wani gwaji da suka yi kan tsofaffi 852 masu shekara 70 zuwa sama da aka kwantar a asibiti. Rabinsu an bar su da kulawar da aka saba. Sauran rabin aka ƙara musu wasu ƙananan abubuwa: a riƙa gaya musu rana da wurin da suke, a ba su ruwa a kai a kai, a tashe su su taka, a sa musu tabarau da na'urar ji, da dare a rage hayaniya a ba su abin sha mai ɗumi a matsa musu baya maimakon ƙwayar barci. A rukunin farko kashi 15 cikin 100 suka ruɗe, a na biyu kashi 9.9. Ba sabon magani, ba sabuwar na'ura.

Da na karanta wannan sai na yi dariya, domin can sai da aka horar da 'yan sa-kai don su yi wannan aikin, mu kuwa muna da mai yin sa tun tuni, yana kwance kan tabarma a gefen gado. Asibitinmu ba ya tafiya sai da mai jinya. Shi ke sayo magani, shi ke kai jini awo, shi ke ɗauraye kwano, shi ke juya mara lafiya. Shi ne kuma kaɗai a duk ginin ya san yadda Baba yake makon jiya. Amma in likitoci suka zo zagaye, shi ake fara cewa ya fita waje. Na fahimci dalilin, ɗaki ya cika, ana son sirri, wasu dangin ma sun cika surutu. Sai dai ga tsohon da ya ruɗe, fitar da mai jinya kamar yaga shafin farko na katinsa ne. Likitan da ya gan shi minti biyar da safe, daidai lokacin da ya dawo hayyacinsa, ba yadda za a yi ya san abin da ya faru ƙarfe biyun dare. Ya kamata mai jinya ya koyi faɗin magana ɗaya a sarari, ko ba a tambaye shi ba: "Likita, ran Talata da kansa ya je masallaci, ya lissafa kuɗin cefane. Wannan ba halinsa ba ne." Maganar nan ta fi "yana ta rikici" amfani nesa ba kusa ba.

Shi kansa asibitin yana haifar da ruɗewa. An ɗauko mutum daga ɗakin da ya san kowane lungu nasa, an ajiye shi cikin baƙi. Fitila ba ta mutuwa, ko kuma a ɗauke wuta gaba ɗaya janareta ya kama ruri. Ba ya jin ladanin unguwarsu, wanda da shi yake auna lokaci. An bar tabarau a gida, an bar rediyon da yake jin labaran safe da shi, an bar carbi da buta. Yarinya sa'ar jikarsa ta zo ta yaye masa zani ba sallama tana Turanci. In ya fizge ya ɗaga hannu, a rubuta cewa yana da faɗa. A gidansa, namijin da ya hana a tsiraita shi gaban mata sunansa mai kunya.

Idan kuwa amsar "tun yaushe" ta zamo "ai ya kai shekara biyu, a hankali abin ya fara," to an shiga wani babin. Wannan ita ce dimenshiya, cutar da ke cin ƙwaƙwalwa sannu a hankali, wadda muke ce wa cutar mantuwa ko da yake mantuwa ɓangare ɗaya ce kawai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta masu ita sun haura miliyan 55, ana samun sababbi kusan miliyan 10 duk shekara, kuma fiye da kashi 60 cikin 100 nasu suna ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita. Nau'in da ya fi yawa shi ne mai sunan likitan Jamus ɗin nan, Alois Alzheimer. Matar da ya fara gano cutar a jikinta, Auguste Deter, shekararta 51 lokacin da aka kai ta asibiti a Frankfurt a 1901, kuma abin da ya ishi mijinta har ya kai ta shi ne zargi da kishi marar dalili, da jan kaya daga nan zuwa can tana ɓoyewa, da ihu. A 1906 Alzheimer ya bayyana abin da ya gani a ƙwaƙwalwarta bayan ta rasu. Tun ranar farko ke nan hali ne ke kai mutum asibiti. Mantuwa dangi suna iya jurewa shekaru. Ranar da Hajiya ta fita ba mayafi, ko Alhaji ya zagi liman, ranar ake neman mota.

Wasu sukan ce wannan ciwon Turawa ne. Gaskiya ne binciken da aka yi tsakanin Ibadan da birnin Indianapolis, wanda aka buga a 1995, ya sami kashi 2.29 cikin 100 a tsofaffin Ibadan, da kashi 8.24 a baƙaƙen fatar Amurka in an haɗa da waɗanda ke gidajen kula da tsofaffi. Wani binciken da aka yi a Zariya aka buga a 2011 ya sami kusan kashi 3 cikin 100. Amma kashi uku na tsofaffin jiha kamar Kaduna ba mutane kaɗan ba ne, kuma hawan jini da ciwon suga da shanyewar ɓarin jiki, waɗanda ke lalata ƙananan jijiyoyin jinin ƙwaƙwalwa su kawo nasu nau'in dimenshiyar, kowa ya san yadda suka cika gidajenmu.

Ruwa ba ya tsami banza, kuma halayen mai dimenshiya ma haka suke in an bi su a hankali. Ɗauki zargin sata. Tsohuwa ta ƙulle kuɗinta a bakin zani, ta sauya musu wuri zuwa ƙarƙashin katifa, ta manta ta sauya. Ta duba ba su nan. Ƙwaƙwalwarta ba ta ajiye cewa ita ta ɗauke ba, don haka bayani ɗaya ya rage mata: an sace. Wa ke shiga ɗakin kullum? Surukarta, mai kawo abinci da wanke mata kaya. Wanda ya fi hidima shi ya fi shan zargi. Ɗa ya dawo daga Abuja ƙarshen mako, uwa ta kama hannunsa tana kuka, ta yi masa magana tiryan-tiryan, domin a farkon cutar mutum yana iya riƙe hirar minti goma da baƙo ba a gane komai ba. Aure ya girgiza a kan kuɗin da ke ƙarƙashin katifa. Rantsuwa da musu ba sa kashe wannan wutar. Abin da ke aiki shi ne a ce, "Hajiya, bari mu duba tare," a san wuraren ɓoyonta, a bar ta ita ta gano.

Ko ɗauki mai cewa zai tafi. Tsohon ma'aikacin masaƙa a Kakuri ya tashi da asuba yana neman katin aiki, zai makara. Masaƙun sun daɗe da rufewa, amma cutar tana fara cinye sabon abu ne ta bar tsoho, shi ya sa 1978 ta fi masa jiya kusa. Ka ce masa kamfani ya mutu, abokan aikinsa sun rasu, ka yi masa sabuwar ta'aziyya, gobe kuma ka sake. Ka ce, "Baba, a wane sashe kake? Sha kunu tukuna," sai ya zauna ya ba ka labarin injin, hanzarin ya wuce. Da yawansu kuma rikicin yakan tashi ne daga la'asar sakaliya zuwa almuru, lokacin da haske ke raguwa, inuwa ke yawa, gajiya ta taru. Mu kuwa almuru dama lokaci ne da muke dangantawa da iskoki, sai fassara ta zo da sauƙi. Akwai ma nau'in dimenshiya, mai sunan Lewy, da mai shi kan ga mutane ko ƙananan yara zaune a ɗaki ƙuru-ƙuru. Ban hana kowa addu'a da tofi ba, ni ma ina yi. Abin da nake cewa kada su hana awon fitsari da na jini, kuma duk wanda ya ce zai fitar da aljani daga jikin 'yar shekara tamanin da bulala ko hayaƙi a nuna masa ƙofa.

Mafi zafi ga iyali shi ne in cutar ta taɓa gaban ƙwaƙwalwa, inda linzamin kunya yake. Malamin da bai taɓa ashar ba ya kama zagi, ko ya yi wa nas maganar da ba ta dace ba. Sai a fara raɗa cewa dama halinsa ne ya fito, ko ƙarshensa ne bai yi kyau ba. Wannan zalunci ne. Linzamin ne ya tsinke. Haka mai yin azahar sau huɗu, ko mai sallame la'asar a raka'a biyu: hadisi ya ce an ɗauke alƙalami daga wanda hankalinsa ya gushe, to me ya sa mu za mu tsaya a kansa da gyara har ya fusata? A gari irin Kaduna akwai ƙarin wani abu. Mai dimenshiya yakan saki harsunan da ya koya daga baya ya koma na goyo. Dattijon da ya yi shekara hamsin yana Hausa da Turanci sai ya koma Fulatanci zalla, ko Gbagyi, ko Jju, ma'aikata su ce sambatu yake, alhali ruwa yake roƙo. Tsohuwar da ta ɓace ta faɗa unguwar da ba a san ta ba, tana maganar da ba a ganewa, ita ce kuma ake iya taruwa a kanta a ce mayya.

Sai batun allura da igiya. Ba zan ɗora wa nas laifi ba. Mace ɗaya a ɗaki cike da gadaje, abokan aikinta da yawa sun tafi Ingila da Saudiyya, ga mai neman faɗowa daga gado, ga mai neman iska. Me za ta yi? Amma ya kamata a san farashin abin. Wanda aka ɗaure ba ya natsuwa, tsoro ne ke ƙaruwa, ya yi ta fizga har fata ta saluɓe, ya yi fitsari a kwance, gyambon kwanciya ya biyo baya, ƙafafu su mutu. Magungunan kwantar da masu taɓin hankali kuwa, a 2005 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta sa gargaɗi mafi tsanani a kan sababbinsu, bayan ta ga mace-mace sun fi yawa a tsakanin tsofaffi masu dimenshiya da aka ba su, a 2008 ta haɗa da tsofaffin magungunan irin su haloperidol. A Ingila, rahoton da Farfesa Sube Banerjee ya miƙa wa gwamnati a 2009 ya ƙiyasta ana ba masu dimenshiya kusan 180,000 waɗannan magunguna, waɗanda ke amfana ba su wuce 36,000 ba, kuma suna jawo ƙarin mutuwar mutum kusan 1,800 a shekara. Mai nau'in Lewy ma allura ɗaya na iya sandarar da shi. Akwai ranar da ba makawa sai an ba da, in mutum zai ji wa kansa ko wani ciwo, amma kaɗan, na ɗan lokaci, kuma ana neman musabbabin a lokaci guda.

Namu na gida ya fi wannan sauƙin faruwa. Baba ba ya barci, sai a aiki yaro kemis ya karɓo Valium ko Piriton ko Phenergan. Dukkansu suna iya ƙara wa tsoho ruɗewa, su sa shi jiri ya faɗi a hanyar banɗaki, biyun ƙarshe kuma suna iya tsayar da fitsari ga mai furosteti. Sai rikici ya ƙaru, a ƙara ƙwaya. Duk mai kai tsoho asibiti ya zuba duk abin da yake sha a leda, har da na gargajiya da wanda maƙwabciya ta kawo, ya juye a teburin likita.

Gidan kula da tsofaffi kuwa, a wurinmu ko ambatonsa abin kunya ne. Gidan gajiyayyu na wanda ba shi da kowa ne. Mai 'ya'ya ba ya zuwa. Ina girmama wannan, kuma ina ganin ya fi abin da wasu ƙasashe suka wayi gari a ciki. Amma mu faɗa wa kanmu gaskiya. Babban gida mai sassa, inda kullum akwai mata da jikoki a tsakar gida, yana ƙarewa a cikin birni. Yanzu gida ne mai ɗaki uku a Malali ko Kinkinau, miji na aiki, mata na aiki, yara na makaranta. Sai a ɗauko yarinya daga ƙauye, ba horo, ba hutu, a bar ta da tsohuwar da ke cizo in za a yi mata wanka, a sa kwaɗo a ƙofa don kada ta fita. Gidajen tsofaffin nan da muke cewa ba mu da su, muna da su, ɗaki ɗai-ɗai ne a bayan gidajenmu, ba mai leƙawa. Kuma yawancin tsawa da dungurin da tsofaffi ke sha ba daga mugaye yake fitowa ba, daga 'ya ko suruka ne da ta yi wata shida ba ta yi barcin kirki ba, 'yan'uwa maza kuma suna turo kuɗi ta waya suna ganin sun sauke nauyi. Karɓa-karɓar kwana ya fi kuɗin amfani.

Ƙasashen da suka riga mu gina irin waɗannan gidaje sun sha wuya kafin su gane. A Amurka sai a 1987 doka ta ba mazauna gidajen haƙƙin kada a ɗaure su ko a dankara musu magani don sauƙin ma'aikata. A Ingila Tom Kitwood na Jami'ar Bradford ya yi shekaru yana nuna cewa yawancin abin da ake kira mugun hali martani ne ga yadda ake tafiyar da mutum: a yi magana a kansa kamar ba ya nan, a yi masa wanka lokacin da ya dace da ma'aikaci, a hanzarta shi. Duk wanda zai buɗe irin wannan gida a Kaduna, ko zai ɗauki mai kula a gida, tambayoyin da zan yi masa ba na fenti da fanka ba ne. Namiji ne zai yi wa namiji wanka? Akwai mai jin harshensa? In ya ce sai ya yi alwala sau goma, za a miƙo masa buta? Da wane suna za a kira shi, Malam, ko Alhaji, ko Sarkin Fawa, ko kuwa kowa "Baba" ne mai gado na shida? A takarda dai an fara motsi: an sa hannu a dokar kafa cibiyar kula da tsofaffi ta ƙasa a 2018, ta fara aiki a 2021, sannan a Janairun 2023 aka sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da ta maye gurbin ta 1958. Asibitin koyarwa na Ibadan ya buɗe cibiyar lafiyar tsofaffi tun 2012. Kafin irin wannan ya wadata a Arewa, Kaduna tana da abin da garuruwa da yawa ba su da shi: asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa, da cibiyar ido ta ƙasa, da cibiyar kunne ta ƙasa. Biyun ƙarshe ba a cika tuna su a wannan zance ba, alhali tsohon da yanar ido ta rufe shi kuma ba ya ji, dole ya ga mutum a jikin labule, dole ya zaci ana gulmarsa. Barnawa kuwa sunan ne ke korar iyalai, kada a ce sun kai uba gidan mahaukata, sai su jira har abin ya gagara.

Dattijon Rigasa, a rana ta biyu wata ƙaramar likita ta tsayar da ɗansa a bakin ƙofa lokacin da ake fitar da mu. Na ji ta ce, "Malam, tun yaushe Baba ya fara haka? Yaushe rabonsa da fitsari?" Ɗan ya yi shiru yana tunani, ya ce tun jiya da safe bai ga ya nemi tasa ba. Ta koma ta danna marar dattijon, ya zabura duk da allurar da ke jikinsa. Aka sa masa robar fitsari, jaka ta cika har aka juye, aka ɗebi na awo, aka sauya magani, ta sa aka kwance bandejin. Bai dawo nan take ba, daren nan ma ya yi surutai. A rana ta huɗu ina shanya tawul a jikin taga na ji ya yi mini sallama, ya tambayi jikin baffana da sunansa. Sannan ya ɗaga hannuwansa biyu yana duban shatin da ya zagaye wuyan hannun, ya juya wajen ɗansa ya ce, "Kai, wa ya ɗaure ni?" Ɗan ya sunkuyar da kai, ya ci gaba da ɓare masa lemo.